Tambaya: Zanzibar tana da shugabanta da ministocinta, to me ya sa fasfon mutanenta na Tanzaniya ne?

Ɗan Misfala (Makka):

Assalamu alaikum malamai da 'yan uwa na wannan zaure. Alhazan Zanzibar da ke sauka a masaukan Misfala da Jarwal duk fasfon Tanzaniya ne a hannunsu, amma in hira ta yi nisa sai ka ji suna cewa "shugabanmu", "ministanmu na kuɗi", kuma ba na Dodoma, babban birnin Tanzaniya, suke nufi ba. Har an ce mataimakan shugaba biyu gare su. Shin gwamna ne irin na Kano ko Sakkwato aka ƙara wa suna, ko kuwa gwamnati ce sukutum? Kuma me tsibirin da bai kai Jidda yawan jama'a ba zai yi da mataimaka har biyu? Wanda ya sani ya warware mana, Allah ya saka da alheri.

Abu Safiyya (Madina):

Wa alaikumus salam ƙanena. Ya wuce gwamna nesa ba kusa ba, amma bai kai shugaban ƙasa mai cikakken iko ba. Zanzibar ta samu 'yanci daga Birtaniya ranar 10 ga Disamba 1963, aka kifar da Sarki Jamshid ranar 12 ga Janairu 1964, sannan ranar 26 ga Afrilu na wannan shekarar Abeid Karume, shugaban Zanzibar, da Julius Nyerere, shugaban Tanganyika, suka haɗa ta da Tanganyika. A wannan haɗewar Tanganyika ta narke cikin gwamnatin tarayya, ita kuwa Zanzibar ta riƙe tata. Shi ya sa gwamnatoci biyu ne: ta tarayya, wadda ke riƙe da al'amuran haɗin gwiwa da kuma duk harkokin ɓangaren tudu, wato tsohuwar Tanganyika, da ta Zanzibar mai kula da tsibiran Unguja da Pemba. Tana da kundin tsarin mulkinta na 1984, da tutarta, da takenta, da majalisar dokokinta, da babbar kotunta. Jihar Kano ba ta da kundin tsarin mulkin kanta.

A saman ɓangaren zartaswa akwai shugaban Zanzibar. Jama'ar tsibiran ne kaɗai ke zaɓensa, wa'adin shekara biyar, sau biyu iyaka. Cikakken laƙabinsa shi ne Shugaban Zanzibar kuma Shugaban Majalisar Juyin Juya Hali. Kada sunan ya ruɗe ka. Wannan majalisa, da suke kira Baraza la Mapinduzi, a yau majalisar ministoci ce kawai. A zamanin Karume ita ce komai, ita ke yin doka ita ke zartarwa, sai a 1980 aka buɗe Majalisar Wakilai aka raba aikin. Sunan ne ya zauna, kamar yadda sunan gwamnatin kanta har gobe yake Gwamnatin Juyin Juya Hali ta Zanzibar.

Mataimaka biyu kuwa sabon abu ne. Kafin 2010 Babban Minista ake da shi a ƙarƙashin shugaba. Tun da aka koma jam'iyyu da yawa, zaɓen 1995 da na 2000 da na 2005 duk da rigima suka ƙare tsakanin CCM mai mulki da CUF wadda ƙarfinta ke Pemba, har aka zubar da jini a Janairun 2001. Shugaba Amani Karume na CCM da jagoran CUF Maalim Seif Sharif Hamad suka sasanta a Nuwamban 2009, aka yi ƙuri'ar raba gardama ranar 31 ga Yuli 2010, kusan kashi biyu cikin uku suka amince, aka yi wa kundin gyara na goma. Aka soke kujerar Babban Minista, aka kafa gwamnatin haɗin kan ƙasa.

Ga yadda take tafiya. Mataimaki na farko daga jam'iyyar da ta zo ta biyu a zaɓen shugaba yake fitowa, muddin ta samu kashi 10 cikin 100 na ƙuri'u. Jam'iyyar ce ke miƙa suna, shugaba ya naɗa. Mataimaki na biyu ɗan jam'iyyar shugaba ne, dole ya kasance ɗan Majalisar Wakilai, kuma shi ne jagoran harkokin gwamnati a zauren majalisa. Wato aikin tsohon Babban Minista a hannunsa ya koma. Ministoci daga cikin 'yan majalisa ake ɗaukarsu, ana raba kujerun gwargwadon mazaɓun da kowace jam'iyya ta ci. In shugaba yana son wani ƙwararre da bai tsaya zaɓe ba, yana da kujeru goma na naɗi a majalisa, sai ya fara shigar da shi ta nan kafin ya ba shi ma'aikata. Nan ma an saɓa da tsarin gida Najeriya, inda ɗan majalisa sai ya ajiye kujerarsa kafin ya zama minista ko kwamishina.

Ƙarƙashin kowane minista akwai babban sakatare, shi ke riƙe da ma'aikata da asusu. A kansu duka akwai shugaban ma'aikata, wanda shi ne kuma sakataren Majalisar Juyin Juya Hali.

Ummu Khalil (Jidda):

Malam ya yi bayani, Allah ya ƙara ilimi. Zan ɗora a kan maganar fasfo, don nan ne tambayar ɗan'uwa ta fi nauyi.

Kundin tsarin mulkin tarayya na 1977 yana da jerin abubuwan da ake kira al'amuran haɗin gwiwa. A 1964 guda 11 ne, yanzu sun kai 22, kuma wannan ƙaruwar ita ce babban ƙorafin 'yan tsibirin. A ciki akwai harkokin waje, tsaro, 'yan sanda, zama ɗan ƙasa, shige da fice, kuɗin ƙasa da babban banki, harajin kuɗin shiga da kwastan, sufurin jiragen sama, da ilimi mai zurfi. Duk abin da ba ya cikin jerin na Zanzibar ne: lafiya, makarantun firamare da sakandare, noma, filaye, yawon buɗe ido, cinikin kanumfari, harkokin addini. Saboda haka a majalisar ministocin Zanzibar ba za ka ga ministan harkokin waje ko na tsaro ba. Fasfo da biza aikin tarayya ne, amma Zanzibar tana da ofishin Mufti da doka ta kafa a 2001, da kotunan ƙadi, da hukumar waƙafi da dukiyar amana wadda ke sa ido kan harkar Hajji a tsibiran. Alhajin da ka gani a Misfala, hukumar tsibirinsa ce ta kula da shirinsa, amma a wurin jawazat, hukumar fasfo ta Saudiyya, ɗan Tanzaniya ne.

Mu mazauna Jidda akwai misalin da ya shafe mu. A ƙarshen 1992 gwamnatin Salmin Amour ta shigar da Zanzibar cikin Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi da hedikwatarta ke nan garin. Da magana ta fito majalisar tarayya ta tada jijiyar wuya, aka ce wannan harkar waje ce, kuma Tanzaniya ba ta da addinin gwamnati. A 1993 Zanzibar ta janye. Irin haka ta faru a ƙwallo: hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka ta karɓe ta a Maris 2017, ta kuma soke karɓar a Yulin shekarar, da hujjar cewa ba ƙasa ce mai cin gashin kanta ba.

Wajen kuɗi ne abin ya fi cakuɗewa. Hukumomin haraji biyu ke aiki a tsibiri ɗaya. Ta tarayya, TRA, tana karɓar kwastan da harajin kuɗin shiga, ta Zanzibar, ZRA, tana karɓar harajin cikin gida irin na otal-otal da na sayen kaya. Ɗan kasuwar da ya sauke kwantena a tashar Malindi ta Zanzibar ya biya kwastan, in ya tsallaka da kayan zuwa Darussalam sai a sake ƙiyasta su a nemi ciko, domin ƙimar da ake sa wa kaya a ɓangarorin biyu ba ɗaya ba ce. An daɗe ana kai ruwa rana a kan wannan. Kundin tarayya ya tanadi asusun haɗin gwiwa da kowane ɓangare zai zuba rabonsa, amma shekaru suka shuɗe ba a buɗe shi ba, sai aka riƙa tafiya da rabon kashi 4.5 cikin 100 na tallafin waje ga Zanzibar. Man fetur da gas ma sun jima a jerin haɗin gwiwa kafin Zanzibar ta yi dokar kanta a 2016.

Wani lokaci rabon ikon kan jawo abin kunya. Zanzibar tana da hukumarta ta rajistar jiragen ruwa, amma jirgin da ta yi wa rajista tutar Tanzaniya yake kafawa. A 2012 aka gano jiragen dakon man Iran a wannan rajistar alhali akwai takunkumi, Amurka ta matsa, kuma gwamnatin tarayya ce ta sha tambayoyi a kan abin da ba ita ta sa wa hannu ba.

Ɗan Misfala (Makka):

Na gode Malam, na gode Hajiya. To ashe ɗan adawa shi ne na biyu a gwamnati ke nan? In haka ne ai sun huta da rigimar zaɓe.

Baban Zainab (Riyad):

A'a ɗana, nan ne mutane ke zamewa. Sunan "na farko" girma ne a wurin zama da jerin gwanon motoci. Kundin ya kira shi babban mai ba shugaba shawara, kuma aikinsa shi ne abin da shugaba ya ga dama ya ba shi. Ba ɗan majalisa ba ne. Mai riƙe da ragamar yau da kullum shi ne na biyu, ɗan jam'iyyar shugaba. Ministan da adawa ta kawo ma shugaba ne ya zaɓa masa ma'aikata, shugaba ne ya naɗa masa babban sakatare, kuma dole ya tashi a majalisa ya kare manufofin jam'iyyar da ya yi takara da ita jiya. Ba haɗakar jam'iyyu ba ce da ake zama a tsara manufa ɗaya, kujeru kawai ake rabawa.

Dubi yadda ta kasance a aikace. A 2010 Ali Mohamed Shein ya ci da kashi 50.1, Maalim Seif ya samu 49.1, CCM mazaɓu 28, CUF 22. Maalim Seif ya zama mataimaki na farko, aka raba ma'aikatu, abin ya yi kyau a ido. Amma da manyan jam'iyyun biyu suka shige gwamnati, babu wanda ya rage a majalisa da zai tuhumi minista da sunan adawa, sai ɗaiɗaikun 'yan majalisa masu ƙarfin hali. A Oktoban 2015 shugaban hukumar zaɓen Zanzibar, Jecha Salim Jecha, ya soke zaɓe ana tsakiyar tattara sakamako. CUF ta ƙaurace wa wanda aka sake a Maris 2016, babu jam'iyyar da ta cika sharaɗi, kujerar mataimaki na farko ta zauna fanko har 2020. Shein ya ɗauko mutane daga ƙananan jam'iyyu ta kujerun naɗi ya sa su a majalisar ministoci, amma kowa ya san fenti ne. A 2020 Hussein Mwinyi ya hau, jam'iyyar ACT-Wazalendo, wadda Maalim Seif ya koma daga CUF, ta yi ta jayayya a cikin gida kafin ta yarda ta shiga, Maalim Seif ya koma kujerar a Disamba, ya rasu ranar 17 ga Fabrairu 2021, Othman Masoud Othman ya gaje shi. Ma'aikatu biyu suka samu, lafiya da kasuwanci. Tsarin ya rage zafin "wanda ya ci ya cinye duka", wannan ban musa ba. Amma bai taɓa wanda ke naɗa hukumar zaɓe ba, kuma nan ne ciwon yake.

In kana son ganin inda ikon shugaba ya kai, sauka ƙasa. Larduna biyar ne, uku a Unguja biyu a Pemba, da gundumomi 11, ga mutane kusan miliyan 1.9 a ƙidayar 2022. Shugabannin larduna da na gundumomi naɗa su ake yi, kamar yadda ake naɗa amiran yankuna a nan, ba zaɓe ba. A can ƙasa akwai shehia, mai riƙe da ita sheha. Ka ɗauke shi kamar umdan unguwa a Makka, ko mai unguwa a gida: shi ke shaida cewa kai mazaunin wurin ne. Shugaban lardi ke naɗa shi. Ba tare da takardarsa ba samun katin shaidar zama ɗan Zanzibar yana wuya, ba tare da katin ba kuma babu rajistar zaɓe, ga sharaɗin zaman wata 36 a mazaɓa. Adawa ta daɗe tana kuka da wannan ƙofar, gwamnati tana musantawa.

'Yan sanda da soja na tarayya ne kamar yadda Hajiya ta ce, amma gwamnatin tsibirin tana da nata dakarun da ake kira sassa na musamman: KMKM masu yaƙi da fasa-ƙwauri a teku, JKU na bautar ƙasa, 'yan sa-kai, 'yan kwana-kwana, da ma'aikatan gidan yari. Ga shugaban Zanzibar suke amsa umarni.

Pemba kuma, tunda ma'aikatu duka suna birnin Zanzibar a Unguja, kowace ma'aikata tana da babban jami'i mai wakiltarta a can, Afisa Mdhamini. Ƙananan abubuwa yana gamawa a Chake Chake ko Wete, amma kuɗi da naɗi sai takarda ta tsallaka teku ta dawo.

Abu Safiyya (Madina):

Baba ya faɗi gaskiya a kan mataimaki na farko, ban ja ba. Ƙari ɗaya don kada a haɗa kujeru. Har zuwa 1995 shugaban Zanzibar yana cikin mataimakan shugaban Tanzaniya kai tsaye. An cire wannan da aka koma jam'iyyu da yawa, don kada a wayi gari shugaba da mataimakinsa suna jam'iyyu daban. Yanzu mamba ne a majalisar ministocin tarayya saboda kujerarsa, shi ke nan. Ƙa'idar da ta maye gurbi ita ce in ɗan takarar shugaban tarayya daga tudu yake, abokin takararsa daga Zanzibar zai fito, ko akasin haka. Ta wannan hanyar Samia Suluhu Hassan, 'yar Zanzibar, ta zama mataimakiya a 2015, ta kuma hau kujerar a Maris 2021 bayan rasuwar John Magufuli. Ita shugabar tarayya ce, ba ta taɓa zama shugabar Zanzibar ba. Ranar zaɓe mutumin Unguja ko Pemba ƙuri'a biyar yake jefawa: shugaban tarayya, ɗan majalisar tarayya, shugaban Zanzibar, ɗan Majalisar Wakilai, da kansila, kuma hukumomin zaɓe biyu ne ke da alhakinsu.

Ummu Khalil (Jidda):

Ga mai niyyar zuwa daga nan kuma: bizar Tanzaniya ɗaya ta wadatar, amma ka riƙe fasfonka a hannu ko da jirgin ruwa ka shiga daga Darussalam, za a duba shi a tashar Zanzibar. Kuma tun 1 ga Oktoba 2024 gwamnatin tsibirin ta wajabta wa baƙi sayen inshorar tafiya daga kamfaninta, dala 44 aka fara da shi, ko da kana da wata inshorar daga Saudiyya.