Gani-ka-danna da allon umarni: neman sunan hanyoyi biyu na amfani da Git

Jama'a, assalamu alaikum. Ina da matasa da nake koya wa rubuta manhaja a ƙarshen mako, kuma duk lokacin da muka iso kan Git sai Hausata ta ƙare. Kalmomi biyu ne suka tsaya mini a wuya: GUI da command line. Na gaji da karanta su da Turanci a tsakiyar bayani, shi ya sa na kawo maganar nan.

Ga wanda bai sani ba, Git manhaja ce da ke riƙe tarihin duk gyaran da ka yi wa aikinka, yadda za ka iya komawa jiya ko makon jiya idan ka ɓata. Linus Torvalds ne ya rubuta ta a 2005 saboda aikin Linux, bayan an janye musu damar amfani da BitKeeper, manhajar da suke wannan aikin da ita a da, kyauta. Hanya biyu ake sarrafa ta. Ko dai ka buɗe taga ka rubuta umarni kamar git status ka danna Enter (wannan shi ne command line), ko kuma ka buɗe manhaja irin GitHub Desktop, Sourcetree ko TortoiseGit, ka ga komai a zane ka riƙa dannawa (wannan shi ne GUI).

Sunan farko da aka ba ni na command line shi ne "layin umarni". Ban karɓa ba. Bahaushe in ya ji layi, abin da ke zuwa masa layin gidan mai ne, ko layin waya, ko layin unguwarsu. Kalma da kalma aka kwaso, ma'anar kuwa an baro ta a hanya.

Yaran su kansu "baƙin allo" suke cewa, har da ɗan tsoro a muryarsu. Sunan yana da daɗi, amma yana ƙarya: PowerShell na Windows shuɗi muka san shi, allon Mac kuma fari yake zuwa in ba ka sauya ba. Duk da haka "allo" ɗin ya shiga raina, domin mun san allo tun makarantar allo: ka rubuta, ka karanta, ka wanke, ka sake rubutawa. Haka tagar nan take, har da umarnin clear na wankewa. Sai na ce "allon umarni".

GUI ne ya fi ba ni wahala. Wani malami ya kawo "fuskar hotuna", wata 'yar'uwa ta ce "mahaɗar zane". Malam, da girmamawa, wanda bai riga ya san abin ba zai zaci kundin hotunan biki ake nufi. Ni dai na koma kan yadda Hausa ta saba raɗa wa baƙon abu suna. Tangaran ya zo, aka ce faɗi-ka-mutu. Ɗanɗanon miya ya zo, aka ce ka-fi-zabo. Ga a-kori-kura, ga a-daidaita-sahu. Ba mu tambayi Bature ma'anar sunansa ba, halin abin muka duba. To halin GUI mene ne? Ka gani, ka danna. Gani-ka-danna.

An ce sunan ya yi kama da wasa. E, ya yi. A-daidaita-sahu ma haka ya fara, yanzu jaridu na rubuta shi ba tare da murmushi ba.

Abin da ya ƙara zaunar da ni a kansa shi ne yana faɗa wa ɗalibi iyakar abin: abin da aka nuna maka kawai za ka iya dannawa. Wata rana wani yarona ya kwafo git reset --hard daga intanet ya liƙa bai karanta ba, aikin kwana uku ya ɓace daga tarihi. Ya duba manhajarsa sama da ƙasa, babu maɓallin da zai dawo da shi, idonsa har ya kawo ruwa. Na ce ya rubuta git reflog. Sai ga jerin duk inda ya taɓa tsayawa, kowanne da lambarsa. Muka ɗauki lambar, muka koma, aikin ya dawo cif. Git kan riƙe irin wannan sawun kwana 30 kafin ta share, amma sai wanda ya san sunan abin zai iya kiransa. Haka in ka shiga sabar da ke nesa ta SSH, wato hanyar sarrafa wata kwamfuta daga taka, babu taga babu zane, allon umarni ne kaɗai.

Kada a ce na yi son kai, ni ma allon ya taɓa kunyata ni. Farkon koyona na rubuta git commit, umarnin adana gyara a tarihi, ban saka -m na rubuta bayanin gyaran ba, sai ta jefa ni cikin Vim, wata manhajar rubutu da ke cikin allon. Na danna duk abin da ke kan kibod, ƙofa ta ƙi buɗewa, a ƙarshe na rufe tagar gaba ɗaya. Sai daga baya aka gaya mini Esc ne, sannan :wq. Har gobe kuma in zan duba bambancin tsohon fayil da sabo, ja a nan kore a can, ko in rassa sun yi yawa sun harɗe, gani-ka-danna nake buɗewa. Ido ya fi saurin kama wannan. Git ma da kanta tana zuwa da nata ƙanana, gitk da git gui.

Wani ɗan'uwa daga Damagaram ya tuna mini cewa su can da Faransanci suka koyi kwamfuta, don haka GUI ɗin ma baƙo ne a kunnensu. Wannan ya sa na ƙi shawarar masu cewa a rubuta "guwi" kawai a huta.

Asabar mai zuwa da waɗannan biyun zan shiga aji: gani-ka-danna da allon umarni. Branch ba ta da gardama, reshe ne. Commit ce har yanzu nake juyawa tsakanin "ajiya" da "hatimi", kuma na fi karkata ga hatimi, tunda kowane ɗaya yana ɗauke da sunan mai shi da lokacin da ya buga.