Tsagar bango tana buɗewa da rani, tana rufewa da damina: tushe ne ko ƙasa?

Magina da injiniyoyi, ina neman shawararku. Gidan bulo ne mai hawa ɗaya. Tsaga ta taso daga kusurwar taga tana bin layin siminti kamar matakala, faɗinta milimita 6 a sama, 2 a ƙasa, ƙofar kusa kuma tana cijewa. An manna gilashi a kan tsagar don a ga ko tana motsi, ya fashe cikin mako 8 na rani. Da ruwa ya sauka ta ɗan matse, amma ba ta koma yadda take ba.

An haƙa rami gefen bangon. Zurfin harsashin santimita 60 ne kacal, ƙarƙashinsa laka ce mai danƙo, kankaren bai karye ba. Akwai babbar bishiya mita 4 daga wurin, indararo ma nan yake zuba.

Ni na fi zargin saiwoyi ne ke shanye damshin lakar, wannan ɓangaren ginin ya nitse. To amma in an sare bishiyar, lakar ba za ta kumbura ta ɗaga ginin ba? A fara karkatar da ruwan a sa ido shekara guda, ko a ƙara wa harsashin zurfi gaɓa-gaɓa tun yanzu?