HTTPS da kalmar sirri sun isa su tsare wiki a sabar haya?

Bashir: Jama'a, ni dai ina nan kan bakana. TiddlyWiki ɗina, wato manhajar wiki da nake ajiye rubutuna, yana kan VPS (sabar haya), manhajar sabar yanar gizo Caddy na gabansa, shi ke karɓo takardar shaidar HTTPS daga hukumar Let's Encrypt yana kuma sabunta ta da kansa. Ga doguwar kalmar sirri. Wannan ya wadatar. Maganar a ɓoye shi a bayan VPN, wato keɓantacciyar hanyar shiga mai tsaro, ƙarin wahala ce kawai.

Malam Sani: Bashir, HTTPS yana hana a karanta abin da ke wucewa tsakaninka da sabar, amma shafin shiga yana nan a buɗe ga duk duniya. Kada kuma ka ce ba wanda ya san adireshin. Kowace takardar da Let's Encrypt ta bayar tana shiga rajistar Certificate Transparency, kowa na iya dubawa ya ga sunan shafinka, kuma masu laluben sabobi da na'ura suna bin rajistar nan. Ranar da aka gano ɓaraka a manhajar, tsawon kalmar sirri ba lallai ya cece ka ba. Wikin mutum ɗaya ne, me zai sa ya fito fili? Ka bar shi a 127.0.0.1:8080 yadda yake zuwa, adireshin da daga cikin sabar kaɗai ake kai masa, ka riƙa shiga ta manhajar VPN ta WireGuard. Tun 2020 WireGuard yana cikin Linux, daga sigar 5.6.

Rabi: Malam, ku yi haƙuri, a nan ina bayan Bashir. A wurin aikina ba a barin mu saka komai a kwamfuta. In sai da WireGuard, to ba ni ba rubutuna har in koma gida.

Malam Sani: Wayarki fa, Malama Rabi? Akwai manhajarsa a Android da iPhone.

Usman: Ko ramin SSH, hanyar shiga sabar daga nesa cikin tsaro: ssh -L 8080:127.0.0.1:8080 sai adireshin sabar, shi ke nan. A hana shiga SSH da kalmar sirri, a bar makullin SSH kaɗai.

Hajiya Hauwa: Duk kuna ta gardama kan mashiga, kun manta da faifan. A tsarin Node.js, wato wanda ke aiki a kan sabar, TiddlyWiki yana ajiye kowane rubutu a fayil ɗin .tid a sarari. Mai kamfanin da kuka yi haya a wurinsa ne ke riƙe da injin, VPN ba ya hana shi gani. Mai rubuta sirrin iyali ko lissafin kasuwanci ya yi amfani da wiki mai fayil ɗaya, wanda ake kulle shi a cikin burauza kafin ya bar hannunsa. Sannan kwafi. A Maris 2021 gobara ta ci cibiyar kamfanin hayar sabobi OVH da ke Strasbourg a Faransa, waɗanda ba su da kwafi a wani wuri suka rasa bayanansu.

Bashir: Hajiya, maganar kwafi na karɓa, yau ɗin nan zan saita. Amma Caddy yana nan, nawa darussan karatu ne kawai.

Malam Sani: To aƙalla ka sa fail2ban, mai toshe adireshin da ya yi ta gwada shiga yana kuskure, ka kuma buɗe rajistar sabar ka ga adireshi nawa suka taɓa ta a daren jiya. Ka turo mana.