Ina son komawa ƙaramar waya, amma yaya zan yi da WhatsApp da banki?

Abban Khadija:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar masana. Ɗinki nake yi, kuma babbar waya tana cinye min lokacin aiki da na barci. Ina so in koma ƙaramar waya mai madanni, sai dai kwastomomi ta WhatsApp suke turo samfurin ɗinki, kuɗi ma ta banki suke turowa. Wace waya zan saya, kuma ta yaya zan raba aikin ba tare da na rasa ciniki ba?

Mai Gyaran Waya:
Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka sayar da babbar wayar, layin kawai za ka raba ta da shi. Ka ciro layin da banki da kwastomomi suka sani ka sa a ƙaramar, ita za ta zauna a aljihu. WhatsApp ba ya mutuwa don an cire layi. Muddin babbar tana samun intanet, ta Wi-Fi ko ta wani layin data daban, zai ci gaba da aiki da tsohuwar lambarka. In wata rana ya nemi lambar tabbatarwa, saƙon zai shigo ƙaramar, sai ka kwafa.

Kada ka sayi ƙaramar waya da fatan yin WhatsApp a cikinta. Masu WhatsApp sun daina tallafa wa tsofaffin Nokia masu manhajar S40 tun ƙarshen 2018, ƙananan wayoyi masu manhajar KaiOS ma an janye musu. Kuma dama abin da kake gudu ke nan.

Wajen saye, ka duba abu uku. Na farko ramin layi: babbar waya ƙaramin layi take ɗauka, wato nano, yawancin ƙananan kuwa sun fi son mai girma, don haka sai da gidan layi na roba. Kada ka taɓa tura gidan nan babu layi a ciki, domin yana maƙalewa a ƙarafan da ke karanta layin, garin jawowa su karye. Wannan na cikin gyaran da aka fi kawowa shago. Na biyu, ka nemi mai Bluetooth ko ramin memori, saboda lambobi. Layi ba ya ɗaukar fiye da lamba 250 yawanci, kuma yana gutsure dogayen sunaye. Ka shiga Contacts a babbar, ka fitar da lambobin a fayil ɗin vcf, wato fayil ɗin ajiye lambobi, ka tura wa ƙaramar. Tsohuwar Nokia 105 ta 2019 ba ta da ko ɗaya cikin biyun, Nokia 110 tana da ramin memori. Na uku, in 2G ba ta da ƙarfi a unguwarku, ka ƙara kuɗi ka ɗauki mai 4G.

Hajiya Mai POS:
Malam, batun banki ba shi da wuya. Alat yana zuwa ta saƙon tes, tura kuɗi kuma akwai lambobin bugawa: GTBank *737#, First Bank *894#, Access *901#, UBA *919#, Zenith *966#, Jaiz *773#. Dole layin da ka buɗe asusu da shi ne zai kasance a wayar. Ana cirar ₦6.98 duk bugu, don haka ka bar ɗan kati a layin.

Amma ka ji wannan da kyau. Ƙaramar waya ba ta da makullin yatsa. Duk wanda ya tsince ta ya samu layinka, layin kuma shi ne ƙofar asusunka. Ka sa wa layin PIN a ranar farko. In an yi kuskure sau 3 zai nemi PUK, wato lambar buɗe layi, wadda ke rubuce a jikin katin da layin ya zo a ciki. In an kuskure PUK sau 10 layin ya mutu, sai ka je an yi maka welkom bak. Ka adana katin a gida. Kada kuma ka miƙa wa kowa ɗinki saboda ya nuna maka alat. Ka buga lambar bankinka ka ga kuɗin sun shiga, don ana ƙirƙirar saƙon bogi.

Ka tura STOP zuwa 2442 domin saƙonnin talla su daina damunka.

Malam Na Ƙofar Gabas:
Abin da suka faɗa daidai ne, sai dai ni ina ganin inda ake faɗuwa shi ne babbar wayar da aka bari a shago. In tana gefen keken ɗinki, hannu zai kai gare ta ko babu layi. A ba ta wuri da lokaci: cikin durowa, a ciro ta sau biyu, bayan azahar da kafin a rufe shago, minti 20 kowane. A rubuta wannan lokacin a bayanin WhatsApp, a ce mai gaggawa ya kira. A goge TikTok da Facebook daga cikinta gaba ɗaya, domin ƙayyade lokaci da Digital Wellbeing, wato saitin wayar mai taƙaita lokacin manhajoji, yana da amfani, amma wanda ya sa shi yana iya cirewa cikin daƙiƙa biyar. A mayar da fuskarta baƙi da fari, sai lokacin duba launin yadi.

Sannan a maye gurbin ayyukan da ke sa a ɗauke ta da dare: agogon tebur don tashin asuba, rediyon da ke cikin ƙaramar don labarai (da yawa sai an jona abin kunne, shi ne eriyarta), Alƙur'ani na takarda maimakon na waya, littafin awo da biro don ma'aunin kwastomomi.

Mai Gyaran Waya:
Ƙari biyu, Malam Abba. In kana haɗa WhatsApp da kwamfuta, ka riƙa buɗe shi a babbar wayar aƙalla sau ɗaya cikin kwana 14, in ba haka ba zai fitar da kwamfutar. In kuma kana da Google Authenticator, mai ba da lambobin shiga asusu, yana nan a babbar, kada ka goge shi tare da sauran.