Almakashina ya wuce filin jirgi biyu, na uku ya ƙwace

Mai tambaya: 'Yan'uwa, ku fahimtar da ni. Ɗan almakashin da nake gyara gemu da shi ya wuce bincike sau biyu lafiya lau, a na uku aka zaro shi daga jakar hannuna aka jefa kwandon shara. Na marigayi mahaifina ne, wallahi abin ya yi min ciwo. Dokar ba ɗaya ba ce?

Amsa ta farko: Allah ya jiƙan Baba. Ba ɗaya ba ce. A Ingila ana barin almakashi in bakinsa bai wuce santimita 6 ba, a Amurka kuma ƙasa da inci 4. Duk da haka jami'in da ke bakin na'ura shi ke yanke hukunci.

Amsa ta biyu: Ruwa ma haka. Dokar mililita 100, wato kada kwalbar ruwa a jakar hannu ta wuce haka, tun 2006 take, amma wasu filayen masu sabuwar na'urar CT mai haska cikin jaka ta kowane ɓangare sun sassauta.

Amsa ta uku: Mai kaifi duk babbar jakar da ake miƙawa a yi lodinta nake sa shi. Fawa banki kuwa dole ya zauna a hannunka.