Neman kalmar Hausa: me za mu kira ƙananan wasannin da ake buɗewa a burauza?

Assalamu alaikum jama'a. Akwai kalmar da nake so mu yanke mata suna. Masu Turanci suna cewa casual game, masu Faransanci kuma jeu occasionnel. Ana nufin ƙaramin wasan waya ko kwamfuta da ba ya buƙatar koyo: ka gane shi a minti ɗaya, ka ɗan buga, ka ajiye ka koma harkarka. Waɗanda na fi nufi su ne na cikin burauza, wato manhajar buɗe shafukan intanet, irin na Poki da CrazyGames da Y8, da ba sai ka sauke komai ba, ba rajista, ba cinye wurin ajiyar waya.

A nan Garwa "jeu" kawai muke cewa, haka ma Marwa da Ngaundere. 'Yan uwanmu na Najeriya suna cewa "gem", maƙwabtanmu Fulani kuma suna da fijirde ga wasa gaba ɗaya. To "jeu" ɗin nan ya yi faɗi da yawa, don da Faransanci caca ma a cikinsa take. Uba ya ji an ce ɗansa yana "jeu" a waya, hankalinsa sai ya tafi kan cacar dawaki da ta ƙwallo, ya ƙwace wayar, alhali yaron lambobi yake haɗawa. Wani yaron kuma cacar yake yi da gaske, ya fake da cewa wasa ne. Dalilin da ya sa na damu ke nan. Iyaye suna buƙatar kalmar da za ta raba musu biyun.

Kafin suna, mu kalli abin da kyau. Ku ɗauki wasan 2048, wanda wani matashi ɗan Italiya, Gabriele Cirulli, ya fitar a 2014. Gida goma sha shida ne, huɗu sau huɗu. Ka ja yatsa hagu ko dama, sama ko ƙasa, 2 ta haɗu da 2 ta zama 4, 4 da 4 su zama 8, haka har ka kai 2048 ko allon ya cika maka. Wanda ya ƙware za ka ga ya killace babbar lambarsa a kusurwa ɗaya, yana lallaɓa ta, ba ya yarda ta motsa. Ko kuma wasan ɗan dinozor na burauzar Chrome, shi ma tun 2014, wanda ke fitowa idan intanet ta ɗauke. Wannan kam duk mai waya a arewacin Kamaru ya san shi ko bai so ba. Taɓawa ɗaya ce, ya tsallake itacen ƙaya, gudu yana ƙaruwa har ka yi karo.

Mu da muka yi zaman sibar, wato shagon intanet, mun san na da, waɗanda ke aiki da Flash, manhajar da ke kunna wasanni a cikin burauza. Kamfanin Adobe ya daina tallafa wa Flash ranar 31 ga Disamba 2020, wasanni da dama suka tafi tare da shi. Na yanzu da HTML5 ake gina su, fasahar da burauza ke ganewa da kanta, shi ya sa suke buɗewa a ƙaramar Android.

Shawarwari sun shigo, na gode. Wani ƙanenmu daga Kusiri ya ce "wasan kashe lokaci". Ƙanena, wannan tuer le temps ne ka juya mana, kuma kunnen Bahaushe yana jin zargi a ciki tun kafin a ga wasan. Wata yayarmu daga Njamena ta kawo "wasan ɗebe kewa". Yaya, kalmarki ta fi kowace daɗi a baki, sai dai rediyo ma yana ɗebe kewa, hira ma haka, babban wasan da ake kwana a kai ma haka. Ba ta nuna ƙanƙantar abin ba. An kuma ce "wasan yara", wanda ban karɓa ba sam, don na ga masu kanti da direbobi da malaman makaranta suna bugawa. "Sha yanzu magani yanzu" ya kama saurin, amma mun riga mun ba shi wani aikin.

Ni dai na tsaya a kan wasan marmari.

Ku duba yadda muke amfani da marmari. Kayan marmari su ne mangwaro da gwaiba da lemo: ba su ne tuwon gida ba, ana taɓa su don sha'awa, lokaci-lokaci, kuma ba wanda ke rasa barci don yau bai samu ba. Idan aka ce mutum yana yin abu na marmari, kowa ya gane ba sana'arsa ba ce, ba kuma jarabarsa ba. Ma'anar occasionnel ɗin Faransanci tana ciki, sauƙin abin yana ciki, kuma babu ƙanshin caca ko kaɗan, don ba a cewa ɗan caca yana yi ne na marmari.

Abin da ya ƙara sa na riƙe kalmar shi ne tana ba mu ma'aunin tantance wasan. Idan zan gaya wa wani ko wasa yana da kyau, tambayata ta farko ita ce: yana sakinka? Wordle, wasan cankar kalma wanda Josh Wardle ya buɗe wa jama'a a Oktoba 2021, jaridar New York Times ta saye shi a farkon 2022, kalma ɗaya yake ba ka a rana, mai harufa biyar, gwaji shida. Ka ci ko ka faɗi, sai gobe. Wannan marmari ne na gaske. Amma wasan da ke tsayar da kai da talla bayan kowane mataki, ya ce ranka na cikin wasan ya ƙare sai ka kalli bidiyo ko ka biya, ya tsorata ka cewa in ba ka dawo gobe ba za ka rasa abin da ka tara, wannan ya fita daga marmari ko da sauƙin bugawa gare shi. A wurinmu ma tallar nan kuɗi ce, don bidiyon yana cin mega ɗin da ka saya da sefarka a MTN ko Orange, ko Airtel da Moov ga na Cadi. Bayan haka sai in duba ko yana buɗewa da raunin rezo, wato sabis, ko yana ci gaba idan intanet ta yanke, da irin hotunan tallar da yake nuna wa yaro.

Wani baffanmu ya tambaya ko dara ma wasan marmari ce. Baffa, Allah ya ƙara girma, ni a ganina a'a. Dara tana son abokin karawa, da zama, da shekarun gogewa, ga 'yan kallo suna riƙe maka tarihin wanda ya ci wa. Ba a tashi daga dara a tsakiya. Ludo da karta ta nishaɗi sun fi kusa.

Sai ɓangaren burauza. Ba na ganin sai mun wahalar da kanmu da nabigater na Faransanci ko burauza na Turanci a cikin sunan. Abin da mutum ke gani shafi ne ya buɗe, don haka na kan shafi ya isa, kishiyarsa kuma na saukewa. Sai a ce: "Wasan marmari ne na kan shafi, ba sai an sauke shi ba." Ko uwa ta ce: "Bar shi, na marmari yake yi, ba caca ba ce."

Wanda ya rage mini shi ne sunan mai bugawa. "Ɗan marmari" bai zauna mini a kunne ba, "mai wasan marmari" kuma ya yi tsawo. 'Yan Marwa da Njamena, me kuke ji a bakin yaranku?