Ɗalibi makaho a ajina, ta ina zan fara?

Malam Sagir:
Assalamu alaikum jama'a. Ina koyarwa a wata jami'a nan Kano, wannan zangon akwai wani yaro makaho a ajina, sannan akwai wata yarinya da in ana bayani ta fi kowa ganewa amma da an zo rubutu sai haruffa su rikice mata, ta ce min disleksiya ce. Aji ya cika maƙil, mu kuma ba a koya mana wannan ba. Don Allah me zan iya yi da kaina?

Ɗan Fagge:
Wa alaikumus salam Malam, Allah ya saka da alheri. Ni makaho ne, a makarantar masu buƙata ta musamman ta Tudun Maliki na fara karatu, daga baya na yi digiri. Abu na farko wallahi handawut. Kar a ɗauki hoton takarda a tura a WhatsApp, don manhajar da ke karanta mana rubutu irin su NVDA a kwamfuta ko TalkBack a waya da rubutu take aiki, hoto wahala yake ba mu, ka ba shi a Word tun kafin lakca ya saurara a gida. Kuma in kana rubutu a allo ka riƙa faɗa da baki, "ku haɗa wannan da wancan" ba ta gaya mana komai. Ka bar shi ya yi rikodin.

Maman Hanif:
Ita yarinyar ce ta tsaya min a rai, ƙanina haka yake, daƙiƙi aka riƙa ce masa alhali kansa na ja. Ka ƙara mata lokaci a tes, kar a tashe ta karatu gaban aji ba shiri, kuskuren harafi kuma in ba darasin harshe ba ne a duba ma'ana. Ka kira ta ofis ka tambaye ta me ke taimaka mata, ban da sanarwa a aji don Allah.

Abban Kurna:
Malam wannan fa haƙƙinsu ne. Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman a Janairun 2019, aka ba gine-ginen jama'a shekara 5 su gyara. JAMB ma tun 2017 take yi wa makafi tsarin jarrabawa na daban. Ka leƙa sashen ilimin masu buƙata ta musamman na BUK, sun san harkar Braille, rubutun da makafi ke karantawa da yatsu.

Malam Sagir:
Na gode ƙwarai. Handawut ɗin zan tura masa yau. Ɗan Fagge, a jarrabawa wanne ya fi, mai rubuta masa ko kwamfuta?

Ɗan Fagge:
Shi za ka tambaya Malam, ni kwamfuta na fi so, wani kuma Braille. Amma ka sanar da jami'in jarrabawa tun yanzu, kar sai ranar.